Kayan tsaftar gida: Haɗarin sinadarai masu kaifi da abubuwan da za su iya maye gurbinsu

A mafi yawan gidajen Najeriya akwai wani lungu, a banɗaki ko a bayan ƙofar kicin, inda ake jera kayan tsafta: robar bilic irin su Hypo ko Jik, ruwan wanke masai, maganin goge daɓe, garin wanki, ƙwallayen kafur, wani lokaci har da kananzir da soda mai ƙuna ta haɗa sabulu. Kowannensu yana da amfani idan an bi ƙa'idarsa. Sai dai da dama daga cikinsu guba ne, kuma waɗanda suka fi kusanci da su, wato matan gida da 'yan aiki da ƙananan yara, su ne ba a cika yi wa bayanin haɗarinsu ba. Galibin aikin da ake sayen waɗannan sinadarai dominsa, sabulu da ruwa da wasu kayan da ke cikin kicin suna iya yin sa. Akwai kuma wuraren da babu abin da ke maye gurbin bilic, kuma sanin wannan iyaka yana da muhimmanci kamar sanin haɗarin kansa.

Ta ina haɗarin yake zuwa

Haɗari mafi saurin aukuwa shi ne na haɗa sinadarai biyu da nufin ƙara musu ƙarfi. Bilic ruwa ne da ke ɗauke da sinadarin kulorin. Yawancin ruwan wanke masai kuwa yana ɗauke da asid mai ƙarfi. Idan aka zuba su wuri guda, nan take iskar kulorin ke tashi, wadda ke ƙona ido da hanci da maƙogwaro, ta sa tari da sarƙewar numfashi, idan ta yi yawa kuma ta tara ruwa a huhu. Ita ce iskar da sojojin Jamus suka saki a fagen daga a ƙasar Beljiyam a watan Afrilun 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Banɗakin da ba shi da taga, ƙofarsa kuma a rufe, wuri ne da ƙaramin adadi ke iya kayar da babban mutum. Haka nan idan bilic ya haɗu da sinadarin amoniya, wanda ake samu a wasu ruwan goge gilashi da kuma fitsarin da ya kwana, wata iska mai guba ke fitowa. Shi ya sa zuba bilic tsagwaronsa a fo ɗin yaro ko a kwatar fitsari, ba tare da an fara kora ruwa ba, kuskure ne. Ruwan khal da lemon tsami ma asid ne, don haka su ma ba a haɗa su da bilic.

Wannan ba matsalar ƙasashe masu tasowa kaɗai ba ce. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayar da rahoto a watan Afrilun 2020 cewa kiran da aka yi wa cibiyoyin kula da guba game da kayan tsafta da na kashe ƙwayoyin cuta ya ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100 a watanni uku na farkon shekarar, idan aka kwatanta da irinsu na 2019. Tsoron cutar korona ne ya sa jama'a suka riƙa wuce gona da iri.

Hanya ta biyu ita ce sha. Likitocin yara a asibitocin Najeriya sun daɗe suna bayyana kananzir a sahun gaba na abubuwan da yara ke sha bisa kuskure, kuma dalilin kusan ɗaya ne a ko'ina: an zuba shi a robar ruwa ko kwalbar lemo, an ajiye a ƙasa. Yaro ɗan shekara biyu ba ya karanta rubutu, siffar kwalba yake ganewa. Soda mai ƙuna ta fi muni. Idan an narkar da ita ba ta da launi, kamar ruwan sha take, amma kurɓa ɗaya na iya ƙona baki da hanyar abinci. Bayan makonni, tabon ƙunar yakan tsuke hanyar har yaro ya kasa haɗiyar tuwo, wani lokaci ma ko ruwa, sai an yi ta buɗa ta a asibiti ko an yi masa tiyata. Yaɗuwar sana'ar haɗa sabulu a gida ta sa wannan sinadari ya shiga ɗakunan da a da ba ya shiga.

Hanya ta uku ba ta nuna kanta da wuri. Wani bincike da masana na Jami'ar Bergen da ke ƙasar Norway suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2018, ya bibiyi mutum fiye da 6,000 na tsawon shekara 20, ya kuma gano cewa ƙarfin huhun matan da ke aikin shara da goge-goge a kai a kai, a gida ko a matsayin sana'a, ya fi saurin raguwa a kan na waɗanda ba sa yi. Kayan feshi sun fi jawo damuwa, domin suna watsa sinadarin a iska daidai inda mai aiki ke shaƙa. Mai ciwon asma yakan ji tasirin tun a ranar.

Akwai kuma kafur, wanda mutane da yawa ba sa lissafa shi cikin abubuwa masu cutarwa saboda ƙamshinsa da kuma daɗewar da aka yi ana amfani da shi. Ana jefa shi a masai, ana cusa shi a akwatin tufafi, har da akwatin kayan jariri. Sinadarin naftalin da ake yin yawancin ƙwallayen da shi yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini a jikin mutanen da suka gaji ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma wannan gado ya yawaita a Najeriya, musamman a tsakanin maza. Jaririn da ke da shi, idan aka sa masa tufafin da suka sha kafur, yana iya kamuwa da shawara mai tsanani wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa. Iyaye ba su da hanyar gane wane jariri ne ke da wannan gado sai ta gwajin jini, saboda haka shawarar likitoci ita ce a raba kayan jarirai da kafur gaba ɗaya.

Tsami da kanwa

Duk wanda ya fahimci abu guda game da datti zai iya rage rabin kwalaben da ke lungun gidansa. Kayan tsafta sun kasu gida biyu manya: masu tsami, da masu ɗabi'ar kanwa. Masu ɗabi'ar kanwa, wato sabulu da toka da kanwa da soda, su ne ke narkar da maiƙo da dauɗar jiki da ragowar abinci. Masu tsami kuwa, irin su ruwan khal da lemon tsami da tsamiya, su ke cin tsatsa da farin ɓawon da ruwa ke bari a jikin famfo da butar shayi. Sinadaran kanti ba wani sabon abu suka zo da shi ba. Waɗannan ɗabi'u biyu ne aka ƙara wa kaifi, aka zuba musu launi da turare.

Sabulu shi ne ginshiƙi. Yana kama maiƙo ta gefe guda, ya kama ruwa ta ɗaya gefen, sai ɗauraya ta tafi da dattin tare da mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke maƙale a cikinsa. Don goge daɓe da tayil da tebur da ƙofofi a ranakun da babu mara lafiya a gida, ruwan ɗumi da ɗan sabulu sun wadatar. Ba lallai ne sabulun ya zama mai tambarin kashe ƙwayoyin cuta ba. A watan Satumban 2016, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta haramta sinadarai 19 a sabulan wanke hannu da na wanka, bisa dalilin cewa kamfanoni sun kasa nuna sun fi sabulu na yau da kullum amfani, ko kuma ba su da illa idan an daɗe ana amfani da su. Sabulun salo, wanda ake yi da tokar ɓawon ayaba ko na koko tare da man kaɗe ko man ja, yana wannan aiki daidai da kowane sabulu.

Toka tsohon kayan aiki ce a ƙasar Hausa. Da ita ake cuɗa bayan tukunya, da ruwanta ake haɗa sabulu, kuma har yau masu rini a marinar Ƙofar Mata da ke Kano suna zuba ta tare da baba a cikin karofi. Tana aiki ta fuska biyu: tana da ɗan kaushi mai kankare baƙin tukunya, kuma idan ta jiƙe tana sakin sinadarin da ke haɗuwa da maiƙo ya zama kamar sabulu. Sharaɗin shi ne ta kasance tokar itace ko ta kara zalla. Tokar bola, ko ta wutar da aka hura da leda ko roba ko katako mai fenti, tana ɗauke da guba, ba ta dace da kwanon abinci ba. Ruwan tokar da aka tace ya yi kauri kuma yana iya ƙona fata da ido, don haka ba abin wasan yara ba ne.

Kanwa, wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da wasu sassan Nijar, a haƙiƙa cakuɗen sodar wanki ce da bekin soda wanda ƙasa ta samar. Idan an jiƙa ɗan guntunta a ruwan zafi, ruwan yana yanke maiƙon faranti da tsumman kicin. Tana kuma tausasa ruwa mai nauyi, irin na wasu rijiyoyin burtsatse da ke hana sabulu kumfa, ta yadda wanki zai ci sabulu kaɗan. Tana busar da fatar hannu idan an daɗe a cikinta. Bekin soda, wanda ya bambanta da hodar da ake sa wa kek duk da kamar da suke yi, shi ne mafi laushi a wannan aji. Ana kwaɓa cokali uku nasa da cokali ɗaya na ruwa, a shafa a kan murhun gas ko wurin wanke kwanuka ko tsakanin tayil, a bar shi kamar minti 15, sannan a cuɗa da soso a ɗauraye. Tukunyar da abinci ya kama a gindinta, a zuba mata ruwa da cokali biyu na sodar, a tafasa, a bar ta ta huce.

A nan akwai abin lura ga masu tukwanen alminiyam, waɗanda su ne suka fi yawa a gidaje. Kanwa da toka da soda suna cin alminiyam, su dusashe shi ya yi baƙi idan an bar su a ciki na dogon lokaci. A cuɗa a ɗauraye nan take, kada a jiƙa a kwana. Tukunyar da cikinta ya riga ya yi duhu kuwa, tafasa ruwan tsamiya ko na lemon tsami a cikinta yana dawo mata da haske.

Farin ruwan khal na kanti yawanci kashi 5 cikin 100 nasa ne asid, sauran ruwa ne. Idan an haɗa kofi ɗaya nasa da kofi ɗaya na ruwa, ana goge gilashin taga da madubi da shi, ana tafasa shi a butar shayi don cire farin ɓawo, ana kuma jiƙa tsumma a ciki a naɗe kan famfo na awa guda. Don masai, a zuba kofi guda nasa, a bar shi ya ɗan jima, a cuɗa da burushi. Ba zai yi saurin asid na kanti ba, amma masan da ake wankewa kowane mako ba ya buƙatar wannan saurin. Lemon tsami da gishiri suna cire tabon tsatsa a farin yadi, musamman idan an shanya a rana bayan an shafa, suna kuma kawar da ƙarnin kifi a wuƙa da katakon yanka bayan an wanke su da sabulu. Tsamiyar da aka jiƙa tana fito da hasken kayan tagulla. Amma duk abu mai tsami yana cin marmara da daɓen tarazo, yana kuma raunana simintin da ke tsakanin tayil idan an yawaita. Waɗannan wurare sabulu kawai suke so.

Wata shawara da ta karaɗe intanet ita ce a haɗa ruwan khal da bekin soda a kwalba guda don samun maganin datti mai ƙarfi. Bahaushe ya riga ya amsa wannan tun da daɗewa da ya ce kanwa ta kar tsami. Kumfar da ke tashi tana burge ido, amma alama ce ta cewa kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa, abin da ya rage kuwa ruwa ne mai ɗan gishiri. Idan aka rufe kwalbar, iskar da ke taruwa na iya fasa ta. A yi amfani da su ɗaya bayan ɗaya, ko kowanne a inda ya dace da shi.

Batun wari ya fi sauƙi. Buɗaɗɗen kwano na bekin soda ko 'yan guntayen gawayi a firji suna rage wari. Busasshen ganyen darbejiya ko kanumfari a ƙulle cikin ƙyalle suna maye gurbin kafur a akwatin tufafi, rana kuma tana kawar da fumfuna da warin damina a katifa da barguna. Turaren wuta, duk da matsayinsa a gidajen Arewa, hayaƙi ne, kuma ɗakin da ke da jariri ko mai asma yana buƙatar a buɗe taga idan an kunna shi.

Ba duk haɗin gida ne mara haɗari ba

Sabulun ruwa da ake koyar da haɗa shi a tarukan koyon sana'a, ana kuma sayar da shi a robobin ruwa marasa tambari, ba ya cikin jerin abubuwan da aka ambata a sama. Ana haɗa shi ne da soda mai ƙuna da asid da wasu sinadaran masana'anta, wasu masu haɗawa kuma suna zuba masa fomalin don kada ya lalace. Fomalin shi ne ruwan da ake adana gawa da shi, kuma hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sinadarin da ke cikinsa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji tun 2004. Mai wannan sana'a yana buƙatar safar hannu da tabarau da wuri mai iska, nesa da yara. Soda ake zubawa a cikin ruwa sannu a hankali, ba ruwa a kan soda ba, domin zafin da ke tashi na iya sa ta fantsama. Ba a narkar da ita a mazubin alminiyam. Mai saye kuma yana da haƙƙin neman lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin duk abin da zai shigar gidansa.

Inda bilic ya zama dole

Wankewa daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. Ruwan khal da lemon tsami da toka suna raunana wasu ƙwayoyin cuta, amma ba abin dogaro ba ne idan akwai cuta mai yaɗuwa a gida. A lokacin ɓarkewar kwalara, ko idan wani yana amai da gudawa, ko jini ya zuba, ko aka ga kashin ɓera a rumbu ko kicin, bilic ake buƙata. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ne ta fitsari da kashin ɓera, kuma share su a bushe yana tayar da ƙurar da za a shaƙa. A fara jiƙa wurin da ruwan bilic, a jira, sannan a kwashe da safar hannu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba shi tsagwaronsa. Ƙarfinsa yana rubuce a jikin roba, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a Najeriya kashi 3.5 cikin 100 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kashi 0.1 don goge saman abubuwa, wato kimanin babban cokali biyu na irin wannan bilic a lita ɗaya ta ruwa. Don jini da sauran ruwan jiki, kashi 0.5 ake so: ma'auni ɗaya na bilic a ma'auni shida na ruwa, a bar shi a wurin minti 10. Amai da bayan gidan mai kwalara suna buƙatar haɗin da ya fi wannan ƙarfi, kuma a nan umarnin jami'an lafiya ake bi. Da ruwan sanyi ake haɗawa, ba na zafi ba, kuma kullum ake yin sabo domin ƙarfinsa yana raguwa bayan kwana ɗaya. A fara wanke wurin da sabulu a ɗauraye, saboda datti yana cinye ƙarfin kulorin kafin ya kai ga ƙwayoyin cutar.

Idan tsautsayi ya auku

Wanda ya shaƙi iska mai guba ya fita waje nan take, a buɗe ƙofofi da tagogi, kada kowa ya koma don ƙarasa aikin sai warin ya gushe. Idan tari ko ƙuncin ƙirji bai lafa ba, a nufi asibiti, domin illar huhu kan bayyana bayan sa'o'i. Idan sinadari ya taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsafta na aƙalla minti 15, a cire tufafin da suka jiƙe.

Idan yaro ya sha, abin da aka saba yi a gidaje da yawa shi ne a ɗura masa man ja ko madara, ko a sa masa yatsa a baki don ya yi amai. Dukkansu suna ƙara cutarwa. Aman kananzir yana tura shi cikin huhu, inda ya fi yin ɓarna fiye da a ciki. Aman soda ko asid kuwa yana sake ƙona hanyar da ya bi ya shiga. Ba a kuma ba shi lemon tsami don ya kashe sodar, ko ruwan kanwa don ya kashe asid, saboda haɗuwarsu a cikin jiki na haifar da zafi. A goge masa baki, a kai shi asibiti mafi kusa ko da bai nuna wata alama ba, a tafi da robar abin da ya sha don likita ya gani. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta Hukumar NCDC kuma, don kai rahoton zargin kwalara ko zazzaɓin Lassa, ita ce 6232.

Sauran sinadaran da gida ba zai iya rabuwa da su ba, a bar su a mazubinsu na asali da murfinsu da rubutunsu, a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, nesa da kayan abinci da randar ruwa. Duk haɗin da aka yi a gida, ko da na khal da ruwa ne, a rubuta sunansa da ranar da aka haɗa shi a jikin robar, a kuma karanta wa 'yar aiki ko duk wanda ba ya iya karatu abin da ke ciki kafin a miƙa masa.